Yadda ake saita injin cikin jirgi da sandar farfela, ga masu jirgi a Dadin Kowa

Yawancin jiragen da ke kai-kawo a dam ɗin Dadin Kowa, da masu fito a kan kogin Gongola ta wajen Nafada da Funakaye, ko dai da hannu ake tuƙa su ko kuma injin ratayawa ne a bayansu, irin su Yamaha. Shi wannan inji babu ruwansa da saiti, domin inji da giya da farfela duk a jiki ɗaya suka zo, ka rataya ka ja igiya kawai. Amma tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a 2023, mai babban jirgin dako ba zai rasa yin lissafin injin gas ba, wanda zai zauna a cikin jirgi ya ja buhuna da ɗan mai kaɗan. Wanda ya bi wannan hanya ya ɗauko wa kansa wani aiki da mai Yamaha bai san da shi ba. Inji na zaune a kan katako a cikin jirgi, farfela na can ƙarƙashin ruwa, doguwar sandar ƙarfe ce ta haɗa su, ta ratsa ta wani bututu a gindin jirgin. Dole ne bakin giya da wannan sanda su hau layi ɗaya, kuma kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kaurin reza ba.

In saitin ya kauce, jirgin da kansa zai gaya maka. Ka tayar da inji babu giya, ka ji shi lafiya lau. Ka sa giya, sai katakon ƙasa ya kama kaɗawa har cikin tafin ƙafarka, bokitin kwasar ruwa ya fara tafiya da kansa. Notocin da suka haɗa giya da sanda su riƙa kwancewa duk bayan kwana biyu, ko su karye. Ruwa ya riƙa shigowa ta bakin bututu komai matsewar da ka yi. Bayan giya ya jiƙe da mai saboda sil, robar da ke tare mai, ya ci. Mafi tsada a ciki shi ne boris ɗin bayan giya, wanda ke ɗaukar wannan murɗiya a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti guda, har ranar da zai watse. Kuma ba a bakin gaɓa yake watsewa ba. Duk wanda ya san dam ɗin nan ya san akwai dorina a cikinsa, ba wurin da za ka so injinka ya mutu da lodi da magariba ba ne.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa sifana: sanda ce ke da wuri, inji ne baƙo. Bututu da bushin, wato abin da ke riƙe da sanda kusa da farfela, sun riga sun yanke wa sanda inda za ta kwanta, ba ka da ikon canza shi. Inji za ka matsar ya je ya same ta. Yawancin ɓarnar da ake yi daga juya wannan magana take, a ɗaure inji tamau, sannan a sa ƙarfin noti a jawo sanda ta zo ta same shi.

Ma'aunin da ake nema

A bakin giya akwai faifan ƙarfe mai ramukan noti, a kan sanda ma akwai irinsa. Su biyun ake haɗawa fuska da fuska a ɗaure. Kaucewa iri biyu ce. Ta farko, fuskokin na kallon juna daidai amma ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko ya zame gefe. Ta biyu, tsakiyarsu ta haɗu amma ɗaya ya karkace, sun taɓa juna ta wani gefe sun buɗe baki ta ɗaya gefen. Kusan kullum za ka tarar da duka biyun tare.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce, bambancin giɓi tsakanin gefe da gefe kada ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na faɗin faifan. Faifai mai faɗin milimita 100, wato inci 4, iyakarsa milimita 0.10. Mai inci 5, kusan 0.13. Wannan iyaka ce ta ƙarshe. Ni dai in na samu hali ina neman 0.05, musamman a injin da aka ɗaure kai tsaye a kan katako babu roba. In injinka ya zo da littafinsa, abin da littafin ya ce shi ne gaba.

Kayan aikin ba su da yawa. Filageji, wato 'yan siraran wuƙaƙen nan da ake saita tafet da su, wanda ke da 0.05 a ciki. Sifanu biyu na notocin faifai, da babba ta notin injin-sit, wato mazaunin roba da ƙarfe da ƙafar inji ke zama a kai. Ƙaramar rula ta ƙarfe, alli ko maka, burushin waya, sanfefa mai laushi, ƙarfen banƙara ko ƙaramin jak na mota, guntayen katako, tocila, da kilif na tiyo guda biyu. In ka samu sikelin ratayawa irin na masu sayen kifi, taho da shi. Takarda da biro kuma wajibi ne, domin ba a riƙe waɗannan lambobi a ka. Wanda ya rasa filageji gaba ɗaya zai iya gwadawa da sabuwar reza mai baki biyu, kaurinta kusan 0.10 ne. Za ta nuna maka ka ci ko ka faɗi, amma ba za ta gaya maka nawa za ka matsar ba. Filageji ba ta da tsada, kuma ana samunta wajen masu kayan gyaran mota a cikin Gombe, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba.

A kan ruwa ake yi, ba a kan tudu ba

Nan ne mutane suka fi gardama. Kafinta ya gama aiki, jirgi na kwance a kan yashi, ga haske ga sarari, kowa ya fi son a gama komai a nan. Yi saitin farko a nan ɗin, babu laifi. Amma jirgin katako siffarsa a tudu daban, siffarsa a ruwa daban. A tudu nauyinsa na kan wurare biyu ko uku da ya dogara, a ruwa kuwa ko'ina a tallafe yake. Ga kuma katakon da ya sha iskar hunturu ko zafin watan Maris da Afrilu ya ƙanƙance, in ya koma ruwa zai kumbura ya motsa gadon injin. Saitin da ka yi a tudu har 0.05, bayan kwana uku a ruwa kana iya tarar da shi 0.50.

Saboda haka jirgin katako da ya daɗe a waje, bar shi ya yi kamar mako guda a ruwa kafin saitin ƙarshe. Na ƙarfe ko na faiba kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. A ƙasashen da ake yawo da jiragen iska, masu dogon turke da ƙyalle da ɗan injin gas na shiga da fita tasha, ba sa saitin ƙarshe sai an kafa turken an ja wayoyinsa sun yi tauri, domin jan wayoyin nan kaɗai yana lanƙwasa jikin jirgi. Mu namu abin da ke lanƙwasa jirgi lodi ne. Jirgin da aikinsa ɗaukar buhunan shinkafa da masara, kada ka saita shi wayam. Sa masa kamar rabin abin da ya saba ɗauka, a baje yadda ake bajewa, tankin gas ma da mai a ciki. Ka zaɓi safiya kafin iska ta taso, a wurin da ruwa ke kwance, jirgin na yawo sosai gindinsa bai taɓa laka ba. Yara masu hawa da sauka a kore su, mutum ɗaya ya taka gefe lambobinka sun canza.

Raba faifan biyu

Cire kan batir, in injin na hannu ne ka zare hannun tayarwa ka ajiye nesa. Sa giya a furi. Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ɗaura kilif ɗin tiyo a jikin sanda, kamar faɗin yatsu uku gaban bakin bututu, ka matse. Dalili kuwa, sandar a gangare take, kuma farfela na da nauyi. In faifan ya saki jikinta tana iya zamewa ta fice ta baya, ta bar maka rami mai faɗin inci guda a ƙasan ruwa.

Ja layi da alli a kan faifan biyu don ka san yadda suke a da. Kwance notocin, amma ka sa ido lokacin da na ƙarshe ke fita. In ya fito da yatsa, alama ce mai kyau. In sai da ka buga shi, kuma yana fita faifan sanda ya yi tsalle gefe ko ya faɗi ƙasa, to ka ga abin da giyarka ta daɗe tana fama da shi. Tura sanda baya kamar santimita ɗaya. In akwai faifan roba a tsakani cire shi, a ƙarfe da ƙarfe ake awo. Za ka ji wani ya ce, "Oga, ai robar za ta shanye." Tana rage kaɗawa, gaskiya ne, amma ba a yi ta don ta ɗauki karkataccen inji ba, in ka bar mata wannan aiki ita ma ba za ta kai damina ba.

Goge fuskokin biyu da burushi da sanfefa har su yi fes. Tsatsa ko busasshen fenti mai kaurin ƙwayar gero ya isa ya ɓata maka awon yini guda. Shafa da yatsa a bakin ramukan noti, in ka ji ƙarfe ya taso, share shi da zarto mai laushi.

Abubuwan da saiti ba ya gyarawa

Kafin ka wahalar da kanka, tabbatar abin da za ka saita a kansa lafiyayye ne.

Fara da injin-sit, in da su injinka ke zaune. Robar da ta sha gas da baƙin mai takan yi laushi ta kumbura, ko ta rabu da ƙarfenta. Sa ƙarfen banƙara ka ɗan ɗaga kowace kusurwa ka gani. In ɗaya ya mutu canza duka huɗun, domin sabo da tsoho ba sa nutsewa daidai. Duba katakon gadon ma, soka masa sukudireba kusa da noti. Katakon da ya ruɓe a wurin ba zai riƙe saiti ba ko na kwana ɗaya. Gadon inji katako mai tauri yake so, irin maɗaci, kuma noti mai ratsawa ya fito ta ɗaya gefen da faffaɗan washa ya fi sukurun da aka murɗa cikin katako kawai.

Sai bushin ɗin da ke riƙe da sanda kusa da farfela. Galibi roba ce mai tsaga-tsaga a cikin bututun tagulla, ruwa ne man ta. Wani ya shiga ruwa ya kama farfela ya girgiza sama da ƙasa. In tana ƙwanƙwasawa, bushin ya ci, kuma ruwan Gongola mai yashi da laka a damina yana saurin cin sa. Tun da yana can, ya laluba tsakanin farfela da bushin, zaren koma yakan naɗe a wurin ya narke ya toshe hanyar ruwa.

Na uku ita ce sandar kanta, kuma a dam ɗin nan ita na fi zargi. In ruwa ya ja da rani, kututturan da dam ya cinye sukan matso kusa da sama, bugu ɗaya ya isa ya lanƙwasa sanda. Gwajin ba wuya. Jawo faifan sanda ya manne da na giya, ka auna giɓi da filageji ka gano inda ya fi faɗi, ka yi masa alama. Riƙe faifan giya kada ya motsa, juya na sanda kwata, sake aunawa. Yi haka sau huɗu har ka zagayo. In faɗin giɓin ya tsaya wuri ɗaya, a ce kullum a sama, to sanda lafiya, inji ne ya kauce. In kuwa giɓin na bin sanda duk inda ta juya, sandar ce ta lanƙwashe ko faifanta bai zauna daidai a kanta ba. Wannan babu notin da zai gyara shi. Sai an zare sanda da faifanta tare an kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe, ya miƙar da ita, ya ɗaura faifan a jikinta ya share fuskar a haka. Kada ka kai faifan shi kaɗai.

Nemo wa sanda tsakiyarta

Da ka raba faifan, kan sanda ya rasa abin da ke riƙe shi, sai ya sunkuya saboda nauyinsa. In ka saita inji da sunkuyayyiyar sanda, ka saita shi ƙasa da inda ya kamata, sanda za ta riƙa gugar ƙasan bututu har ta yi masa rami. Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ke raba aikin gwani da na mai sauri.

In tazarar da ke tsakanin bakin bututu da faifai gajera ce, hannu ya isa. Sassauta notin gidan fakin kaɗan, wato inda ake cusa igiya mai maiƙo don ta tare ruwa. Ruwa zai ɗan ɗiga, kada ka damu. Ɗaga kan sanda sama har ta tsaya, auna tsayinta daga wani katako da ba ya motsi. Danna ta ƙasa har ta tsaya, sake aunawa. Rabin tsakani shi ne wurinta. Yi haka hagu da dama. Sai ka yanka guntun katako mai baki kamar gwafa ka tokare ta a nan, yadda za ta iya zamewa gaba da baya ta kuma juya, amma ba za ta sauka ba.

In tazarar doguwa ce, a nan sikelin masu kifi ke aiki. Nauyin da za ka ɗage shi ne nauyin faifan gaba ɗaya, da rabin nauyin sandar da ta fito daga inda aka tallafe ta na ƙarshe. Sandar ƙarfe mai kaurin milimita 25 tana da kusan kilo 3.9 a kowace mita. A ce santimita 60 ta fito, kilo 2.3 ke nan, rabinsa 1.15. Faifan kuma a ce kilo 2. Rataya sikeli daga wani katako a sama, ɗaura igiya dab da bayan faifan, ja har allura ta nuna kilo 3 da ɗan ɗoriya, ka ɗaure a nan.

Kawo inji baki da baki

Yanzu jawo sanda gaba a hankali. Yawancin faifai ɗaya na da ɗan tudu a tsakiya, ɗayan na da rami daidai shi. Abin da kake nema shi ne tudun ya shige ramin da turin hannu kawai, ba dukan guduma, ba ɗaga sanda daga kan gwafarta. In ya ƙi, ɗora rula a kan gefen faifan biyu, sama da ƙasa, hagu da dama, ka ga ta ina inji ya kauce.

Kowane injin-sit na da dogon noti a tsaye mai goro biyu. Na ƙasa ke ɗauke da ƙafar inji, shi ne na saiti. Na sama na kullewa ne. Sassauta na sama duka huɗu. In inji ya yi ƙasa, ɗaga duka huɗun daidai wa daida, kana ƙirga juyi. Yi wa fuska ɗaya ta kowane goro alama da maka, in ba haka ba za ka rikice tun kafin azahar. In ka ga sai ƙafar inji ta hau can ƙolin notin kafin ta kai, tsaya. Inji a ƙolin noti yana lilo, ƙarshensa notin ya karye. Sauke shi, ka sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin-sit ɗin gaba ɗaya, ƙafar ta dawo ƙasa-ƙasa.

Awo da lissafi

Tudu ya shiga rami, fuska ta taɓa fuska. Riƙe su a haɗe da hannu, ko ka sa noti ɗaya sako-sako wanda bai ja komai ba. Zura filageji a wuri huɗu: sama, ƙasa, hagu, dama, kana kallon gaban jirgi. Wuƙar da ta dace ita ce wadda ta shiga da ɗan ja kaɗan, ba ta faɗa ba, ba ka kuma cusa ta ba. Rubuta.

A ce ka samu sama 0.30, ƙasa 0, hagu 0.20, dama 0.10. Fara da gwada awon kansa: sama da ƙasa in an haɗa, dole su yi kusan daidai da hagu da dama in an haɗa. A nan 0.30 ne kowane ɓangare, awo ya yi. In suka sha bamban sosai, akwai datti a fuska ko hannunka ya motsa, sake.

Dokar gyara ɗaya ce, kuma ta isa a haddace: kai gaban inji wajen da giɓi ya fi faɗi. Giɓi a sama, ɗaga gaba. Giɓi a ƙasa, sauke gaba. Giɓi a hagu, tura gaba hagu.

Nawa za ka matsar? Auna tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ka raba da faɗin faifai, ka ninka da bambancin giɓin. A misalinmu faifai milimita 100 ne, tsakanin ƙafafu kuma a ce 450, wato ninki huɗu da rabi. Bambancin sama da ƙasa 0.30, sau 4.5, ya ba da milimita 1.35. Abin da za ka ɗaga ƙafafun gaba ke nan, su biyun daidai. In notin injin-sit ɗinka mai kaurin milimita 16 ne mai manyan zare, juyi ɗaya cikakke milimita 2 ne, kuma goro fuska shida gare shi, kowace fuska kusan 0.33. Fuska huɗu ke nan. Akwai masu ƙananan zare da juyinsu 1.5 ne, saboda haka auna naka: auna tsawon zare goma da rula ka raba da goma.

Ga inda aikin ke cin rai. Faifan giya yana bayan ƙafafun baya ne, don haka in ka ɗaga gaba, shi sauka yake yi. In yana da nisan milimita 150 daga ƙafafun baya, ɗagawar 1.35 a gaba za ta sauke shi 0.45. Tura sanda baya, sake jawo ta, za ka ji tudun ya fara tokarewa. Sai ka ɗaga duka huɗun da wannan 0.45 ɗin, fuska ɗaya da ɗan ƙari. Kowane gyara sai ka raba faifan ka sake haɗawa kafin ka auna, domin in tudun na cikin rami yana jan sanda ta bi inji, ya ɓoye maka gaskiya. Za ka zagaya haka sau da dama, kowane zagaye kuskuren na raguwa.

Gefe ya fi wuya, don babu goron da zai taimake ka. Bambancin hagu da dama 0.10 ne, sau 4.5, wato gaban inji zai matsa hagu da 0.45, abin da ido ba ya gani. Sassauta notocin da suka kama injin-sit da gado, ramukansu dogaye ne saboda wannan. Ja layi da ƙusa a jikin gado dab da gefen ƙarfen don ka ga motsinsa. Kada ka banƙare da ƙarfi, zai wuce. Ɗora katako ka riƙa ɗan bugu da guduma, ko ka kwantar da jak tsakanin inji da haƙarƙarin jirgi da katako a tsakani. Ka tabbata injin-sit ɗin ne gaba ɗaya ya zame, ba robar ce ta karkata ba, don roba za ta koma inda take da zarar inji ya tashi.

Kada ka gyara kusurwa ɗaya ita kaɗai don lamba ta yi kyau. Inji zai zauna a kan ƙafa biyu na kusurwa da kusurwa, sauran biyun na reto. In ka gama, gwada kowane goro na ƙasa da sifana, nauyin juyawarsu ya zama kusan ɗaya tsakanin hagu da dama.

Injin gas mai silinda ɗaya irin na Sin, wanda aka sani a injin niƙa da ban ruwa, sau da yawa kai tsaye ake ɗaure shi a kan gado, don a kan roba tsalle yake yi. Lissafin bai canza ba, sai dai maimakon goro, siraran faranti za ka riƙa sakawa a ƙarƙashin ƙafa. Na ƙarfe ko na tagulla, masu faɗin ƙafar gaba ɗaya, da tsaga don su shige notin. Kwali da robar silifa da fallen gwangwani goma a jere duk za su lotse cikin mako. Ka kuma sassauta ƙafa ɗaya-ɗaya sauran na ɗaure, ka zura filageji a ƙarƙashinta. Wadda ta ɗaga, cike ta kafin ka ci gaba. In bel ne ke kai ƙarfi daga inji zuwa giyar jirgi, to giyar ce za ka saita da sanda ta wannan hanya, inji kuma a daidaita fulinsa da na giya da rula.

Ɗaurewa da gwaji

Matse notocin gado, sannan goron sama na kowane injin-sit kana riƙe da na ƙasa da wata sifanar kada ya juya. Sake aunawa. Matsewa kaɗai takan canza lamba, kuma awon bayan matsewa shi ne na gaskiya. In ya tsaya cikin iyaka, juya sanda rabi ka sake tabbatarwa, cire gwafa da sikeli, daidaita layin allinka, sa notoci. Su zama masu ƙarfi, waɗanda aka buga wa 8.8 a ka, da goro mai kulle kansa ko washa mai tsaga. Kowanne ya shiga da yatsa. Matse su tsallake-tsallake, wannan sannan wanda ke kallonsa ta ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan har su yi tauri. Giya na furi, juya sanda da hannu: ta zagaya da nauyi iri ɗaya, babu inda take cijewa. Kilif ɗin nan bar shi a jikinta, matsar da shi kawai yadda ba zai gogi komai ba.

Mayar da notin gidan fakin, amma kada ka shaƙe shi. Ana so ya riƙa ɗiga kamar sau biyu ko uku a minti in sanda na juyawa, ruwan ne ke sanyaya igiyar. Kafin ka tayar, kowa ya tattare rigarsa da rawaninsa, sanda mai juyawa in ta kama bakin riga ba ta saki. Jirgi na ɗaure da igiya mai ƙarfi, sa giyar gaba a ƙaramin wuta, dubi faifan da tocila daga gefe. Gefensa ya fito tsaf kamar a tsaye yake, in ka ga inuwa biyu akwai saura. Gwada ribas. Sannan ka fita ruwa, da rigar ruwa a jikin kowa, ka yi kamar kwata na awa kana ƙara wuta a hankali. Tsaya, kashe inji, ɗora bayan hannu a gidan fakin da bayan giya. Ɗumi babu laifi. In gidan fakin ya yi zafin da ba za ka iya barin hannu a kai ba, ko ka matse shi da yawa ko sanda na gugar gefe. Rufe sandar da akwatin katako kafin fasinja ya shiga.

Sababbin injin-sit sukan nutse a makonnin farko, shi ya sa masu ƙera inji irin su Yanmar suke cewa a sake duba saiti bayan awa 50 na farko. Bayan nan, duk lokacin da aka fitar da jirgi tudu aka mayar, da duk ranar da farfela ta daki kututture ko ta naɗe koma har inji ya mutu. In za a ja jirgin katako tudu, kwance notocin faifan tukuna, don lanƙwasar da zai yi a kan yashi kada ta bi ta sanda ta shiga giya.

Wasu kan kauce wa duk wannan su sa farfelar mota, wato doguwar sandar nan da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya, mai kuros biyu, tsakanin giya da sanda. Tana aiki, amma da sharaɗi. Kuros ɗin biyu dole kunnuwansu su kalli waje ɗaya, kuma karkatar na gaba ta yi daidai da ta na baya, in ba haka ba sanda za ta riƙa sauri da lafawa a kowane juyi. Sannan ita wannan farfela tana zamewa ciki da waje, ba ta tura komai. Turin da farfelar ruwa ke yi, wanda shi ne ke tafiyar da jirgin da lodinsa, sai an tare shi da boris na musamman mai ɗaukar turi, a ɗaure a kan ƙaƙƙarfan katako da ya kama haƙarƙarin jirgi. Giyar mota ma ba a ƙera ta don wannan turi ba. Shi wannan boris ɗin, a kan layin sanda za ka zaunar da shi, bayan ka nemo mata tsakiyarta da gwafa ko sikeli kamar yadda aka yi a baya.